Zubin fansho bayan ritaya: wa ke amfana da rangwamen haraji, wa kuma ba ruwansa

Asabar ɗin da ta wuce bayan la'asar kawuna ya aiko yaro har gida wai in zo yanzun nan, kuma in taho da biro da kalkuleta. Na same shi a zaurensa a Tudun Wadan Zariya ya baza takardu a kan tabarma, wasu daga tsohon fayil mai igiya wasu daga baƙar leda, ya danne su da carbi da kwalbar turare saboda iskar fanka. Shekara biyu kenan da ya ajiye aikin koyarwa yana da 65, amma bai zauna ba, wata kwaleji mai zaman kanta ta ɗauke shi kwantiragi yana riƙe musu sashe guda. Abin da ya tada maganar shi ne ɗansa da ke aikin jinya a Ingila ya turo masa saƙon murya a WhatsApp, yana ba shi labari cewa a can ko mutum ya yi ritaya in ya ci gaba da zuba kuɗi a asusun fansho gwamnati ƙara masa take yi, wai Baba ya bincika ko akwai irin haka a gida. Kawu ya kai maganar majalisarsu, wani ya ce ƙarya ce, wani ya ce gaskiya ce har ya san mai yi, wani kuma ya ce ai wata dabara ce kawai ta a sake karɓe ɗan abin da ya rage a hannun tsofaffi.

Ya ce min, "Kai ne akanta a gidan nan, ka faɗa min tsakaninka da Allah, in na mayar da wani abu cikin fanshon nan akwai abin da zan samu ko babu?"

Na ce, "Kawu akwai, amma ba irin wanda aka ba ka labari ba."

Mun kai kusan magariba muna lissafi, kuma da na dawo gida sai naga ya kamata in rubuta, domin Zariya gari ne na 'yan fansho, daga Samaru zuwa Kongo zuwa Shika zuwa Gyallesu da wuya ka shiga layi baka samu gidan tsohon malamin jami'a ko tsohon ma'aikacin asibiti ko tsohon soja ba, kuma da yawansu basu daina aiki ba, wasu na koyarwa a makarantun kuɗi wasu na riƙe da asibitoci ƙanana wasu ana kiransu ba da shawara ana biyansu.

Bari in fara da na Ingilan tunda daga can ruɗanin ya taso. Yaron bai yi ƙarya ba. A tsarinsu mutumin da ke zaune a ƙasar kuma bai kai shekara 75 ba, ko baya aikin komai, zai iya zuba fam 2,880 a shekara, sai kamfanin fanshon ya karɓo fam 720 daga hukumar harajinsu ya ɗora a kai ya zama fam 3,600. Kuɗi ne ke shigowa asusunka ka gansu da idonka. Amma abin da saƙon muryar bai faɗa ba shi ne a can fanshon kanta ana cire mata haraji in an zo karɓa, galibi kashi 25 cikin 100 ne kawai ake ɗauka ba haraji, sauran kamar albashi ake lissafa shi. Kuma wanda ya riga ya fara tatsar asusunsa iyakar abin da zai zuba da rangwame tana faɗowa daga fam 60,000 zuwa fam 10,000 a shekara, don kar mutum ya riƙa cirewa yana mayarwa yana cin rangwame sau biyu. Wannan nasu kenan, a can ya tsaya.

A Najeriya babu wanda zai ƙara maka ko sisi a asusu. Wannan ita ce maganar da nafi so ta zauna a ran kowa. Rangwamen haraji a nan ma'anarsa a ɗebe abin da ka zuba a fansho daga cikin kuɗin shigarka kafin a lissafa maka haraji, shikenan. Na ce wa kawu ya ɗauka ya kai buhun masara kasuwa ana karɓar kuɗin awo a kan kowace tiya, in ya ɗebe tiya biyar ya ajiye gefe kafin a fara awo to ba za a karɓi kuɗin awon biyar ɗin nan ba, ribarsa kenan. Amma in dama buhunsa baya cikin waɗanda ake karɓar wa kuɗin awo, ko ya ɗebe rabin buhun babu abin da ya tsira da shi, domin dama ba a ce za a karɓa ba.

To a nan ne maganar ɗan fansho take. Dokar fansho ta 2014, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu ta maye gurbin ta 2004 ta zamanin Obasanjo, a sashe na 10 ta faɗi abubuwa da suka shafe mu kai tsaye. Ta ce abin da aka zuba a tsarin ana cire shi kafin lissafin haraji. Ta ce ribar da kuɗin fansho ke samu in an juya su ba a yi mata haraji. Ta kuma ce abin da ake biyan mutum na haƙƙin ritaya a ƙarƙashin dokar ba a cire masa haraji. Kaga kenan alat ɗin da ke shigo wa tsoho duk wata daga kamfanin fansho, ko na cirar wata-wata ne ko na inshorar nan da ake biya har ƙarshen rai, babu haraji a kansa. Saboda haka dattijon da bashi da wata hanyar samu sai fanshonsa, in ya ɗebi wani abu daga ciki ya ce zai mayar don ya samu rangwame, wallahi babu rangwamen da zai samu, domin ba a taɓa cire masa ba balle a sassauta. Abin da zai yi kawai ya ɗaure kuɗin cefanensa a inda hannunsa baya kaiwa da sauri. Wannan nake jin tsoro, domin irin waɗannan dattawan su suka fi yawa, kuma su ne maganar "gwamnati na ƙara wa" ta fi saurin shiga ransu.

Wanda abin ya shafa da gaske shi ne irin kawu, wanda ya yi ritaya amma ya sake samun albashi kuma ana cire masa harajin albashi duk wata. Lokacin da yake aiki na farko zubin dole ne, kashi 8 daga albashinsa kashi 10 daga wajen aiki, 18 kenan mafi ƙaranci a dokar tarayya. Yanzu da ya dawo kwantiragi galibi babu wannan dolen, sai abin da ake kira zubin ganin dama, wato kai ka ce a riƙa ɗebar kaza daga albashinka ana tura wa asusunka na fansho. Ƙa'idojin da PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ta fitar a 2018 sun buɗe wannan ƙofa ga wanda ya yi ritaya a sabon tsarin nan na zubi, da wanda ya yi ritaya a tsohon tsari irin waɗanda PTAD, hukumar biyan tsofaffin 'yan fanshon tarayya, ke biya, da ma waɗanda doka ta ware daga tsarin kamar sojoji, matuƙar dai sun sake kama wani aikin. Sharaɗi biyu ne manya a ƙa'idojin na 2018, kuɗin ta hannun wajen aikinka zasu bi daga albashi, ba wai ka ɗauko daga aljihu ka kai banki ba, sannan kar su wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin wata.

Yanzu lissafi, don a nan ne magana ke fitowa fili.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta sauya matakalar harajin mutum ɗaya. Naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15. Miliyan 9 da ke biye kashi 18. Daga nan miliyan 13 kashi 21, miliyan 25 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. An soke tsohon sassaucin nan na bai ɗaya da kowa ke samu, aka kawo na kuɗin haya, kashi 20 na abin da kake biya a shekara amma kar ya wuce naira 500,000. Kawu gidan gado yake zaune, saboda haka wannan bai shafe shi ba. Amma zubin fansho yana nan cikin abubuwan da ake cirewa kafin lissafi.

Mu ɗauka albashin kwantiragi naira 300,000 ne a wata, miliyan 3.6 kenan a shekara, kuma babu wani abu da ake cirewa. 800,000 ta farko ta wuce salin alin. Miliyan 2.2 a kashi 15 ya ba da 330,000. Saura 600,000 a kashi 18 ya ba da 108,000. In ka haɗa 438,000 a shekara, wato 36,500 duk wata. To in mutumin nan ya ce a riƙa tura masa 50,000 duk wata asusun fansho, a shekara 600,000 kenan, ita ce daidai wadda ke saman matakala, sai harajinsa ya dawo 330,000. Ya tsira da 108,000 a shekara, 9,000 a wata. Ma'ana an ajiye masa 50,000 amma abin da ya ragu a alat ɗinsa 41,000 ne kawai. Da na rubuta wannan a bayan wata tsohuwar takardar wuta kawu ya gyara tabarau ya ɗauki kalkuletan da kansa ya sake bugawa har sau biyu, sannan ya ce "to ai ba laifi".

Sai ya ce in ya kai maƙura fa, ya zuba 100,000 wato ɗaya bisa ukun? Muka buga. Miliyan 1.2 ta fita, saura miliyan 2.4, cire 800,000 saura miliyan 1.6 a kashi 15, haraji ya zama 240,000. Ya tsira da 198,000 a shekara, 16,500 a wata. Amma a lura, 50,000 ta farko ta kawo 9,000, ta biyun 7,500 ta kawo, saboda ta sauko matakalar ƙasa. Duk yadda ka ƙara zubi ƙarfin rangwamen raguwa yake, kuma duk yadda albashi ya yi ƙanƙanta haka.

Ga misali tsohuwar malamar firamare da wata makarantar unguwa ke ba 60,000 a wata, a shekara 720,000, bata ma kai 800,000 ba, harajinta sifili ne, rangwamenta ma sifili. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi shima doka ta yafe masa. Mai 120,000 a wata harajinsa 8,000 ne, in ya zuba 20,000 zai tsira da 3,000. Shi kuma babban likita ko farfesa da ya ajiye aiki a 70 aka riƙe shi da albashi mai tsoka, nasa rangwamen yana iya kai kashi 21 na abin da ya zuba. Ban ji daɗin faɗin haka ba amma gaskiya ce, tsarin ya fi yi wa mai babban albashi rana, ƙaramin ma'aikaci ɗan abin da zai samu bai kai ya hana kansa cin nama a kai ba.

Sai maganar shekara biyar, wadda ita ce ƙashin bayan abin kuma ita ce ba a cika faɗa wa mutane ba lokacin da ake tallar.

Wannan sashe na 10 dai ya ce in ka cire zubin ganin dama kafin ya cika shekara 5 daga ranar da aka zuba shi, za a cire haraji a kan ribar da ya samu. Ga ma'aikacin da bai yi ritaya ba ribar ce kawai ake taɓawa. Amma ƙa'idar PenCom ta 2018 ta tsananta a kan 'yan ritaya da waɗanda aka ware da baƙi 'yan ƙasar waje, su in sun cire kafin shekara 5 harajin yana hawa kan uwar kuɗi da riba gaba ɗaya. To ka duba, kwantiragin tsoho yawanci shekara ɗaya ne ko biyu ana sabuntawa. In kwantiragi ya ƙare ka je ka ce a baka kuɗinka duka, za a baka, amma harajin da ka yi murnar ka tsere masa yana bakin ƙofa yana jiranka. Jinkirta shi kayi ba kauce masa ba. Kuma kowane zubi da ranarsa, na watan Janairun bana da na Disamban baɗi ba rana ɗaya suke cika shekara biyar ba, don haka wanda ya yi shekara biyu yana zubi sai ya lissafa kusan shekara bakwai daga farawa kafin na ƙarshen ya nuna.

Akwai dalilin da ya sa aka ɗaure abin haka. Kafin 2017 wasu masu manyan albashi, musamman a kamfanonin Legas, sun mayar da zubin ganin dama hanyar zille wa haraji, mutum ya tura kaso mai yawa na albashinsa asusun fansho a ƙarshen wata, bayan ɗan lokaci kaɗan ya je ya ciro, harajin ribar kwana kaɗan kawai zai biya wanda bai taka kara ya karya ba. Hukumar harajin Legas da hukumar haɗin gwiwar haraji ta ƙasa suka tada jijiyar wuya a wannan shekarar, PenCom ta fitar da sanarwa a ƙarshen 2017 ta taƙaita cirewa zuwa sau ɗaya a shekara biyu, ta kuma ce rabin abin da ma'aikaci ya zuba a kulle yake sai ranar ritaya. Kar a manta harajin albashi na jihar da kake zaune ne, namu na nan Zariya hukumar KADIRS ta jihar Kaduna yake zuwa, ko da a ma'aikatar tarayya kake in ba soja ko ɗan sanda ba, saboda haka duk naira ɗaya da aka sassauta maka daga aljihun jiha ta fita, dole su sa ido. PenCom na sabunta waɗannan ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci, shi ya sa nake cewa duk wanda zai shiga ya sa kamfanin fanshonsa su bashi ƙa'idar cirewa da ke aiki a ranar a rubuce, ba da baki ba, ya kai wa wanda ya iya karatu su zauna a kai.

A nan kawu ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Shekarata 67. Ka ce in jira har 72, wani ma 74. Rai a hannun Allah yake."

Wannan maganar ta fi duk lissafin da muka yi nauyi. Saurayi ɗan 35 in an ce ya jira shekara biyar ba komai bane, amma dattijo mai hawan jini da ciwon suga, wanda duk wata sai ya sayi magani, ga 'ya mace ta kusa aure ga autansa yana aji biyu a jami'a ga jikoki marayu a gida, shi shekara biyar tafiya ce mai nisa. Ranar da aka kwantar da mutum a asibitin koyarwa na Shika aka ce a kawo kuɗin aiki, asusun fansho ba ATM bane, sai ka cike fom a tura a jira amincewa. Ra'ayina, kuma na faɗa masa kai tsaye, duk kuɗin da kasan akwai yiwuwar ka nema cikin shekara biyar kar su shiga can ko da rangwamen kashi 18 ne. Abin da zai shiga sai wanda ka tabbata ko babu shi tukunya zata hau wuta.

In kuma ta Allah ta kasance kafin lokacin kuɗin basa ɓata, suna cikin asusun, na magada ne. Sai dai a sani sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ke nufin shi zai cinye ba, kuma kamfani baya sakin kuɗi sai an kawo takardun kotu na gado, daga nan a raba yadda shari'a ta tsara. Na sha ganin iyalai suna wahala a kan wannan saboda mamacin bai taɓa gaya wa kowa sunan kamfaninsa ko lambar asusunsa ba. Dan Allah iyayenmu a rubuta a ajiye inda uwargida ko babban ɗa ya sani.

Sai abin da kowa ke tambaya a garin nan, kuɗin ruwa. Da yawan dattawanmu ba harajin ne damuwarsu ba, damuwarsu ina ake juya kuɗin. Tun 2018 aka raba kuɗin fansho gida-gida gwargwadon shekaru da haɗari, na huɗu shi ne na 'yan ritaya, sannan a 2021 aka buɗe na shida wanda babu ruwa a cikinsa, ana zuba shi a sukuk, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, da hannun jarin da ya dace da shari'a, kuma yana da ɓangaren masu aiki da na 'yan ritaya. Ba a kai mutum can da kansa, sai ka nema a rubuce. Kawu bai taɓa jin labarinsa ba, shekara biyu yana karɓar fansho zuciyarsa na ɗar-ɗar, da na gaya masa sai da ya ajiye biro ya ce Alhamdulillahi. Maganar zakka a kan kuɗin da ke kulle kuwa ta malamai ce, kuma Zariya ba a rasa wanda za a tambaya ba, a je da bayanin yadda asusun yake dalla-dalla don a samu amsa daidai. Haka in kamfaninka baya sauraronka, tun Nuwamban 2020 an ba da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, kuma kuɗin ma ba a hannun kamfanin suke ba, wani kamfanin ajiya daban ke riƙe da su.

Wani zai ce to ni da na zuba a can ba gara in sayi masara da kaka a Giwa in ajiye ba, ko in ɗaure raguna kafin babbar salla. Tambaya ce mai kyau kuma bana raina ta. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a alƙaluman hukumar ƙididdiga, a irin wannan shekara duk kuɗin da ke kwance ko ana juya su a takardun gwamnati ƙarfinsu zaizayewa yake, rangwamen 9,000 a wata ba zai toshe wannan ramin ba. Amma kuma waɗanda suka cika shago da masara suna jiran tashi sun ga yadda farashi ya karye a 2025, wasu ko uwar kuɗi basu mayar ba, ga ƙwari ga kuɗin haya. Kuma akwai abin da ba a faɗa, kuɗin da ke hannun dattijo a gida kowa ya sani, yau suna gobe biki jibi wani ya zo da kuka, kuma mutumin kirki baya iya cewa babu alhali akwai. Wani lokacin amfanin asusun ba rangwamen bane, kullewar ce. Wannan kowa shi ya san gidansa.

Waɗanda suka koma kasuwanci ko noma ko suna karɓar kuɗin hayar shaguna a Sabon Gari nasu ya ɗan bambanta, tunda babu wajen aikin da zai tura musu. Hanyarsu ita ce tsarin fanshon masu sana'ar kansu da aka ƙaddamar a 2019 zamanin Buhari. Amma rangwame baya zuwa sai ga wanda ke bayyana kuɗin shigarsa ga hukumar haraji yana biya a kan lissafi, wanda ake cike takardarsa kafin ƙarshen Maris duk shekara. In ba ka cikin wannan layin to ajiya kawai kake yi, ajiyar ma ba laifi bace, amma kar a kira ta rangwame.

Abu na ƙarshe da na nuna wa kawu shi ne inda abin ke lalacewa a aikace, wato teburin akanta. Na taɓa ganin wajen aikin da suke cire zubin daga albashi amma sai bayan sun gama lissafa haraji a kan albashin duka, kaga mutum ya ɗaure kuɗinsa a banza rangwamen bai iso shi ba. Na kuma ga inda ake cirewa a takarda amma ba a turawa sai bayan watanni, alhali doka ta ce cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Maganin duka biyun ɗaya ne, ka karɓi takardar albashinka ta watan da aka fara ka ajiye kusa da ta watan baya, layin haraji dole ya sauka, a misalinmu daga 36,500 zuwa 27,500, in bai sauka ba ka koma ofis. Sannan ka duba saƙon kamfanin fansho ko ka nemi sitatimen duk wata uku ka ga kuɗin sun shiga da sunan zubin ganin dama. Takardun nan a adana su, ranar da hukumar haraji ta nemi hujja su zasu yi magana.

Da aka fara kiran magariba kawu ya tsaya a kan 50,000, ya ce ita ce ke saman matakala kuma ita ce zai iya mantawa da ita, sauran zai riƙe saboda magani da kuɗin makarantar auta. Na rubuta masa wasiƙa biyu da hannu, ɗaya zuwa ga akantan kwalejin da sunan kamfanin fansho da lambar asusu da adadin da watan da za a fara da roƙon a cire kafin lissafin haraji, ɗayar zuwa kamfanin yana neman a mayar da shi asusu na shida kuma a bashi ƙa'idar cirewa a rubuce. Ya ninke su ya sa a aljihun gaban riga, ya ce Litinin in ya fito daga aji zai biya ta unguwar PZ ya yi hoton takardun kafin ya miƙa, sannan ya ce in tura wa yaron can Ingila lissafin nan yadda muka yi shi don shima ya gani.